Safayar Motar Maccido

Maccido direba ne. A-kori-kura yake ja, tsohuwar Fijo fara, yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kasuwar Jega. A shekarar da soja suka canja kuɗi, satar safaya, wato tayar ajiya, ta addabi direbobin tasha. Irin motarsa a ƙarƙashi ake ɗaure safaya, cikin wani keji na ƙarfe, don haka mutum kan yi kwanaki bai san an kwance masa ba. Kowa ya sayi sarƙa da kwaɗo, shi ma ya saya.

Wata Asabar da hantsi matarsa Balaraba ta haihu a ƙauyensu da ke bayan Maiyama. Ɗa ya zo lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta leƙo zaure ta ce a kai ta asibitin Jega, kada a jira. Aka shimfiɗa katifa a bayan mota. Mahaifiyarsa Dije ta hau, ta ɗora kan Balaraba a cinyarta.

Hanyar jar ƙasa ce, damina ta cinye ta. Saura kamar mil huɗu su hau kwalta tayar baya ta fashe. Maccido ya ɗauko jak da sifana, ya kwanta ƙarƙashin mota. Kejin yana nan a rufe. Sarƙar tana lilo, an datse ta da zarto, har bakinta ya fara tsatsa.

"Mi ya faru?" in ji Dije.

"Babu safaya, Inna."

"To mi za mu yi?"

Ya tada mota ya ci gaba a kan tayar da ta fashe, har robar ta zare, ƙarfen ya nutse cikin laka. Ya sauka ya kama gudu zuwa titi. Motar farko ba ta tsaya ba. Ta biyu ta wani mahauci ce, ya yarda ya koma da shi inda motar ta maƙale. Da suka iso, Dije ta riga ta rufe Balaraba da zanenta har fuska, tana zaune tana kore ƙuda.

Aka yi jana'iza da la'asar. Mutane suna miƙa masa hannu yana karɓa. Aka kawo tuwo ya ci. Dare uku yana jiran kuka ya zo masa, bai zo ba.

Bayan sati biyu Ɗanbaba, shugaban direbobin tasha, ya aiko masa. An kama ɓarawon. Jibrin ne, mai facin bakin tasha, wanda duk suke ba ajiyar mota in za su masallaci. An buɗe ɗakinsa an sami taya goma sha ɗaya.

Maccido ya tarar da shi zaune a ƙasa, riga a yage, leɓe a fashe. Direbobi suka dare suka ba shi hanya. Wani ya sa masa bel ɗin injin mota a hannu.

"Ga shi nan," in ji Ɗanbaba. "Kai munka jira. Kahin 'yan sanda su iso, yi abin da ka ga dama."

Jibrin ya ɗago kai. "Wallahi ban san haka za ta kasance ba, Maccido. Ka yahe mani."

Maccido ya dube shi. Ya ga an yi masa sabon aski, wanzamin ya ɗan yanke shi a bayan kunne. Abin da ya iya gani ke nan.

"Yaushe ka kwance ta?"

"Tun Jumma'a, kwana takwas kahin rasuwar."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye bel ɗin a kan benci. Ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya har ya gane tasa da shuɗin fenti da ya ɗiga mata. Ya danna ta da babban yatsa, iskarta na nan cike. Ya gara ta zuwa mota ya jefa a baya.

Wata mata da buhu biyu na gero ta tambaye shi ko Aliero za shi. Ya ce eh, ta hau. A hanya ta yi ta ba shi labarin tsadar taki, yana amsa mata.