Manhaja Mai Gaisuwa

Da hantsi Kamaruddeen ya dawo daga noman dawa, ƙafa duk laka, ya tarar da yayarsa Ramlat a zaure da kwamfutarsa a cinya. Malama ce a wata sakandare a Bagwai, ta zo gida hutun ƙarshen mako.

Tun da ya gama sakandare, jami'a ta ƙi samuwa, abu ɗaya ya riƙe ban da fartanya: wata 'yar manhaja da ya rubuta. Riga ce ya ɗinka wa Python, wani yaren ba kwamfuta umarni da ake rubutawa da Turanci. Mutum ya rubuta umarninsa da Hausa, "idan", "maimaita", "nuna", ita kuma ta juya su ta miƙa wa Python ya aiwatar. Ramlat ta ce ranar Litinin za ta fara koyar da ɗalibanta da ita. In ta ba ta matsala za ta koma Turanci, kuma ba za ta sake waiwaya ba. Ya san halinta.

"Abarka ta ƙi," in ji ta.

"Ba ta ƙi."

"To zo ka gani, injiniya."

Ta buɗe manhajar da yara ke rubuta aikinsu a ciki a makaranta, ta haɗa ta da tasa a madadin Python. Allo ya tsaya cak.

Ya wanke hannu ya zauna, ya bi sawun abin. Ashe kafin komai, manhajar makarantar kan aika tambaya ɗaya, --version, tana so ta san da wane zubi take magana. Lamba kawai take jira. Tasa kuwa ta amsa da, "Assalamu alaikum. Ina kwana? Ina gajiya?" Sannan ta tsaya sai an amsa mata.

Ramlat ta yi dariya har da dafa bango. "Inji ya tambayi inji, naka ya tsaya gaisuwa! Saura ina ruwa, ina su Inna?"

"Ba a shiga wa mutum ba sallama."

"Ai ba mutum ba ne, Kamaru."

Ta gwada -c, wanda ke gudanar da umarni nan take. Ta gwada -m da -h. Kowanne sai abar ta gaishe ta, ta ce ba ta ga fayil mai wannan suna ba.

"Duk wanda ya saba da Python waɗannan zai fara bugawa," ta ce, yanzu ba wasa. "In ba ta san su ba, a ɗakinka za ta ƙare."

Gaisuwar nan ce layin farko da ya taɓa rubutawa, ita ce ta sa yake jin abin nasa ne. Ya daɗe yana kallon kaji na tona a bakin zaure.

Bayan azahar ya fara gyara. Ya koya wa manhajar duba abin da aka zo da shi tukuna. In --version ne, ta faɗi lamba ta yi shiru. In -c ne, ta juya Hausar ta miƙa. Sauran ta wuce da su ga Python yadda suka zo. Da ya iso kan gaisuwar ya shafa ta duka zai goge, sai ya fasa. Ya sa mata sharaɗi: sai an buɗe ta haka nan, ba a zo da komai ba, kuma mutum ne zaune a gaban allo.

Ramlat ta sake gwadawa. Ta rubuta a nuna sunayen garuruwa uku. Tsanyawa, Bagwai, Bacirawa suka fito a jere.

Ta zaro filashi daga jaka ta soka a kwamfutar, ta kwafi manhajar.

"Yaya, in yaran suka lalata ta fa?"

"Za su lalata. Ka dai bar wayarka a kunne."