Taimin ɗin Motar Suruki

Kwana uku ke nan motar surukin Dogo tana tsaye a tsakiyar gareji, baki buɗe, ta tare wa motocin mutane hanya. Tsohuwar mota ce mai faɗin ƙirji, kuma Baba, mahaifin matarsa, ji yake da ita kamar ƙwai. Sarƙar taimin ɗinta, mai daidaita bugun injin, ita ce ta saki, Dogo ya sayo sabuwa. Aikin rabin yini ne ga bakaniken da ya shekara ashirin hannunsa cikin baƙin mai.

Ɗigon da ake dubawa a giyar ƙasa ya shafe saboda tsufa, don haka sai ya dogara da tsagar da ke jikin fuli, faifan ƙarfen nan mai juya bel a gaban injin. Ya juya injin har tsagar ta zo daidai da kibiyarta, ya saita kamshaf, sandar nan mai buɗe bawul da rufe su, ya ɗora sarƙa ya ɗaure komai. Da aka murza makulli sai motar ta yi tari, ta yi atishawa ta kabureta, ta mutu.

Ya sake kwance lagireto da fanka da murfi, ya matsar da sarƙar haƙori ɗaya. Ta ƙi. Ya mayar da ita ɗaya gefen, salansa ta buga kamar bindiga, har mai facin da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Duk wannan Baba yana zaune a kan benci kusa da shi, ya ɗora haɓa a kan sanda. Kullum shi ke riga Dogo zuwa garejin. Ya ce a zamaninsu da kunne ake saita mota. Ya ce ko dai sarƙar jabu ce. Ya ce shi fa bai taɓa ganin ta yi haka ba sai da ta shigo nan. Da wani ne, da tuni Dogo ya miƙa masa makullinsa ya nuna masa ƙofa. Amma suruki ne, sai dai ya haɗiye ya ce, "Haka ne, Baba." A gida ma bai tsira ba, domin kafin ya cire takalmi matarsa ta tambaye shi wai me ya yi wa motar babanta.

Rana ta ukun da hantsi sifana ta suɓuce, ya ɗaye fatar yatsa a jikin murfi. Ya tsaya yana tsotsar wurin, yana hararar tsagar nan. Daga nan ya daina yarda da ita. Ya cire fulogi na farko, ya zura doguwar sukudireba a ramin har ta taɓa kan fistin, ya riƙa juya injin da hannu a hankali. Sukudirebar ta yi ta hawa, ta tsaya cak. Fistin ya kai ƙololuwa. A nan ne ya kamata tsaga ta zo daidai da kibiya, amma da Dogo ya duba fuli, sai ga tsagar can gefe, tsakaninta da kibiya ya kai yatsa uku.

"Baba, wannan fulin nata ne kuwa?"

Tsohon ya miƙo wuya ya duba. "A'a. Nata ya tsage tun da daɗewa, na ciro wannan a jikin wata motar ɗaukar kaya. Ai ya zauna daidai."

"Amma ba ku faɗa mini ba, Baba."

"Ka tambaye ni ne?"

Dogo ya ajiye sukudirebar. Ya zagaya bayan gareji, ya sami wata tsohuwar taya ya yi ta harbinta da ƙafa har babban yatsansa ya yi tsami, sannan ya dawo da fara'arsa. Ya ɗauki kurfi da guduma ya yi sabuwar tsaga a inda ya kamata, ya kwance gaban injin karo na huɗu, ya ɗora sarƙar.

Bugu ɗaya ta tashi, tana kaɗawa lumui.

Baba ya saurara, ya gyaɗa kai, ya gaya wa mai faci cewa da ma ya san matsalar ba ta wuce fuli ba, yaran yanzu ne ba sa tambayar manya. Da ya shiga zai ja, sai ya leƙo ta taga ya ce akwai wata 'yar ƙara da take yi a baya, zai kawo ta ranar Asabar.

"Allah ya kai mu, Baba," in ji Dogo.