Tsagar Hasumiyar Agogo

Hasumiyar agogo da ke bakin tsohuwar kasuwa ta girmi kowa a garin. Da dutse aka gina ta tun kafin a jawo lantarki, kuma matakalarta tamanin da huɗu ce. Shekara arba'in ke nan Mai Agogo yana hawa kowace safiya, ya murɗa injin, ya ɗiga masa mai. A hannun mahaifinsa ya gaji aikin, tare da sirri guda: akwai tsaga a bangon hawa na biyu, bayan wani allon katako.

Tsohon ya koya masa dabarar magina. A liƙa siririn gilashi da siminti ya ratsa tsagar, a rubuta shekara a gefe. In bango ya motsa ko da kaurin gashi ne, gilashin zai fashe. Goma sha ɗaya ne yanzu a jere, uku na mahaifinsa, takwas nasa.

Da hukuma ta ce za a duba tsofaffin gine-gine, a ware na gyara da na rushewa, sai aka turo 'yar ƙanwarsa, wadda ya yi wa ɗawainiyar karatu har ta zama injiniya. Bakinsa har kunne.

"Injiniya da kanta! A wannan takalmin za ki hau?"

"Kawu, ni da nake hawanta a wuyanka?"

"Lokacin ba ki kai buhun siminti nauyi ba."

Suna hawa yana zuba. Ya nuna mata inda maginan farko suka sassaƙa alamominsu a dutse, da tagar da ake leƙen gobara, da ƙararrawar da aka daina bugawa tun da asibiti ya matso kusa. A hawa na biyu ya tsaya ya huta, sannan ya janye allon da ko matarsa ba ta san da shi ba.

"Ga lafiyarta nan a rubuce. Tsagar ta tsufa, amma ba ta motsi."

"Wannan na tsakiya fa? Ya fashe."

Ya kwashe da dariya. "Aikina ne. Bara jiri ya ɗebe ni, na saki tsani ya doke shi. Kada ki gaya wa uwarki, ta ishe ni da mita."

Ta ɗauki hoto, ba ta yi dariya ba.

Bayan sati uku ya tarar an shafa jan fenti a ƙofar, an manna takarda. Mai ɗinkin da ke jikin hasumiyar ne ya karanta masa: bango yana motsi, gini ya zama haɗari, za a sauke shi. A ƙasa ga hoton gilashi guda, fasasshen. Sauran goman ba su fito ba.

Kai tsaye ya wuce gidan ƙanwarsa. Ya same su a falo, uwar tana ninke kayan wanki, 'yar tana danna waya.

"Ke kika rubuta?"

'Yar ta kasa ɗaga ido. Uwar ce ta amsa. "Ni na sa ta, Yaya. Jiri a kan matakala tamanin? So kake a sauko mana da gawa?"

"Da ke nake? 'Yar nan, goma lafiyayyu kika gani da idonki."

"Kawu, wallahi rufewa kawai na nema, don ka huta. Ban san rushewa za su ce ba."

"To, jibi kwamiti zai saurari jama'a. Ki tashi ki faɗa musu tsani ne."

"In na ce haka, aikina ya tafi."

"Ki zo dai."

Ranar ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a bencin gaba tare da mai ɗinki da wasu 'yan kasuwa. 'Yar ƙanwarsa ta zo, amma a bayan tebur ta zauna, kusa da shugaban kwamiti. Da aka ba shi dama ya yi bayani tiryan-tiryan, shekara bayan shekara, har da jirin da ya so ya ɓoye. Ya roƙe su su hau su ƙirga da kansu.

"Baba, an hana shiga ginin," in ji shugaban. Ya juya. "Injiniya, akwai abin da za ki gyara a rahotonki?"

Mai Agogo ya zuba mata ido. Ta gyara takardun gabanta, ta sake gyarawa.

"Babu, ranka ya daɗe."

Aka sa ranar rushewa, aka kira batu na gaba. A bakin ƙofa ta cim masa, idanunta sun yi ja.

"Kawu, bari in sauke ka a gida."

Ya zaro makullin hasumiyar daga aljihu, ya miƙa wa masinjan ofis da ke tsaye a gefenta.

"Ka ba Injiniya," ya ce. "Ka ce mata na gode, ƙafata za ta kai ni."