Kafaɗar Fintan

Duk faɗin Kilcarna, wani gari a arewacin Ireland, babu dogaye kamar 'ya'yan Toner biyu, Malachy da ƙanensa Fintan. A garin ba a saka gawa a mota, a kafaɗa ake kai ta tun daga ƙofar gida har coci, mutum shida-shida, ana yi ana karɓa. Biyun da ke gefe da gefe dole tsawonsu ya zo ɗaya, kowa ya zura hannu ta ƙarƙashin akwatin ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa, in ba haka ba akwati ya karkace. To wa za a haɗa da Malachy in ba Fintan ba? Tare suka ɗauki ubansu, tare suka ɗauki samarin da sojan Ingila suka harbe, kullum su ne a baya, inda nauyi ke komawa in an zo hawan tudun coci.

Tare kuma suka sha ɗauri, ɗaki ɗaya, daga su sai bargo, don sun ƙi saka kayan fursuna. Da aka fito ne hanya ta rabu. Malachy ya ce jinin ya isa haka. Ya shiga siyasa, ya ci kansila, ya ci majalisa, ya bi gida-gida yana lallashin mutane a ajiye bindiga. Fintan ya ce ba don wansa ya sami kujera a majalisar Stormont aka binne yaran mutane ba. Ireland ɗaya aka yi alkawari, ba ɓari ba. Ranar da aka nuno Malachy a talabijin yana gaisawa da shugaban 'yan sanda, Fintan ya tashi ya kashe, ya ce daga yau ba shi da wa. Shi kuwa Fintan in ya kafe, ko limamin coci ne ya zo da kansa ɓata bakinsa kawai zai yi.

Shekara ashirin da ɗoriya ko sannu ba ta haɗa su. Amma mutuwa ba ta fasa zuwa Kilcarna ba, kuma ba wanda ya ƙara tsawo a garin. Duk jana'iza sai ka ji Hughie Devlin mai shirya gawa ya ɗaga murya: "Dogayen nan biyu, ku koma baya!" Su shiga, akwati a tsakaninsu, ba mai ganin fuskar wani. In za a tashi sai Fintan ya matsa kafaɗar wansa sau ɗaya, wato a ɗaga ƙafar hagu. Iyakar zumuncin da ya rage musu ke nan. Abin kunya ne a faɗa, amma Malachy in ya ji an yi rasuwa a gida, har wani sanyi yake ji a ransa, ya ajiye aikin majalisa ya kamo hanya.

Yau ga shi Fintan ɗin ne a kwance. Ciwon huhu ya cinye shi, kuma ba wanda ya gaya wa Malachy sai da rai ya yi halinsa.

Ya bar mota da direba a bakin titi ya ƙarasa da ƙafa. Gidan cike yake maƙil, an tsayar da agogon bango, an rufe madubi da ƙyalle kamar yadda suke yi in ana makoki, mata na ta zirga-zirga da butocin shayi. A zaure tsofaffin 'yan gwagwarmaya ne jere. Packie Mallon, wani gajeren tsoho da suka yi kurkuku tare, shi ya fara ganinsa.

"A'aha, Onarabul da kansa! Ku ba da hanya jama'a, gwamnati ta zo gaisuwa. Ina masu ɗaukar hoton, ranka ya daɗe?"

"Packie, ashe kana nan? Na ɗauka wuski ta gama da kai tuni."

"Ta gwada. Ni ai ba na sulhu da kowa."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ba wanda ya miƙa masa hannu.

A falo Fintan na kwance, carbi a hannunsa, an shimfiɗa tutar Ireland mai launi uku a ƙafafunsa, ga baƙar hula da safar hannu irin na 'yan gwagwarmaya a kai. Malachy ya daɗe yana kallon fuskar nan, don rabon da ya gan ta kusa haka har ya manta. A gefe Ruairi ne tsaye, babban ɗan mamacin, shi ne zai kira masu ɗauka.

"Ruairi, sannu da haƙuri. Gobe a ina ka saka ni?"

"An riga an tsara, Baffa. Waɗanda suka tsaya tare da Baba ne za su ɗauke shi."

"Ƙanena ne fa."

"Shi bai ce haka ba."

Malachy ya juya. Ya sulale ya shiga kicin. Nuala, matar Fintan, ta tura masa kujera da ƙafa ta zuba masa shayi.

"Zauna, Yaya Malachy. Dube ka duk ka rame, ba sa ba ku abinci a can ne?"

"Nuala, ya ambace ni kuwa?"

"Ba zan yi maka ƙarya gawa na kwance ba. Bai ambace ka ba." Ta goge hannu da tsumma. "Sai dai bara, jana'izar Maggie Quinn da ba ka zo ba. Aka haɗa shi da ɗan gidan Rafferty. Ya dawo ya yi jifa da hula, ya ce an karya masa baya, wai ina wancan dogon banzan ya shiga? Sati guda yana mita."

Malachy ya tuna ranar. Ƙuri'a ce aka kaɗa a majalisa, a kan me ma, wallahi ya manta. Ya ɗaga kofin ya kasa kurɓa.

Washegari da safe ana yayyafi aka fito. 'Ya'ya da surukai suka fara ɗauka, sai abokan kurkuku, sai maƙwabta. Ruairi na kiran sunaye, Malachy na can cikin jama'a, hula a hannu, yana sauraron nasa. Aka wuce shagon Rafferty, aka wuce gada. Aka iso gindin tudun coci, inda ake canji na ƙarshe, kuma sunansa bai fito ba.

Nan Nuala ta ja ta tsaya, duk ayarin ya tsaya.

"Ruairi, kira baffanka."

"Mama, kin san abin da Baba..."

"Na fi ka saninsa. Mijina ne kafin ya zama sojanku. Tudun nan da wannan mutumin ya saba hawansa, yau ma da shi zai hau."

Packie ya buɗe baki, ta watsa masa harara, ya mayar ya rufe. Ruairi ya dubi ƙasa ya ce, "Baffa."

Hughie Devlin, da yake baki ya saba, ya ɗaga murya: "Dogayen nan bi..." Sai ya haɗiye sauran. Ya waiga dama, ya waiga hagu, yana neman wanda zai yi daidai da Malachy. Babu. Shi kansa Ruairi tsawon uwarsa ya ɗauko, amma shi ya shiga ɗaya gefen, ransa a ɓace.

Malachy ya rage tsawo, ya lanƙwasa tsofaffin gwiwoyinsa har akwatin ya daidaita. Ya zura hannu inda ya saba, ya ji wayam, sai da ya lalubo ƙasa sosai kafin ya sami kafaɗar Ruairi. Kuncinsa ya manne da katako mai sanyi. Na gaba suka yunƙura, baya bai motsa ba. Suka sake yunƙurawa.

"Malachy, mu je mana," in ji Hughie a hankali. "Me kake jira?"

Sai a lokacin ya gane abin da yake jira. Kafaɗarsa ce ke sauraron matsar nan, mai yin ta kuwa yana cikin akwatin da ke kanta. Mutumin da bai yi kuka a kurkuku ba ya fashe da kuka a tsakiyar titi, gaban 'yan jam'iyyarsa da maƙiyansa, hawaye na bin jikin katako.

Da ya ɗan lafa, ya matsa kafaɗar Ruairi sau ɗaya.

"Lafiya, Baffa?" in ji Ruairi daga can gefen akwatin.

"Ƙafar hagu, ɗana," in ji Malachy. "Da ita ake farawa."