Alawayyon Ibrahimu

Ibrahimu ya rasu da hantsi a gonarsa ta tumatir, yana tsaka da ban-ruwa. Liman ya ce a sallace shi bayan azahar, domin zafi ya yi yawa. Aka gwada tsawonsa da karan dawa, aka kai wa masu haƙa kabari. Ƙaninsa Lukmanu ya hau babur, ya bi bakin babbar hanyar ruwa zuwa Bunkure don ya sayo alawayyon likkafani.

Ya tsaya a rumfar Malam Ɗanbaba, mai sayar da yadi, abokin Ibrahimu tun na ƙuruciya.

"Ƙanin Dogo, ina yayan naka?" in ji Ɗanbaba. "Ko yana can tsaye a gona yana korar tsuntsaye da tsawonsa?"

"Ya rasu ɗazu, Malam. Alawayyo na zo saya."

Ɗanbaba ya yi salati a hankali. Sannan ya jawo bandir ɗin farin yadi.

Shi ba ya awo da sanda. Yakan kama bakin yadi da yatsu, ya miƙa hannu, ya kai ɗaya ɓangaren kan hancinsa, yadi ɗaya ke nan. Amma tun da ya faɗi a babur, gwiwar hannun nan ba ta miƙewa sosai. Matan da ke sayen atamfa sun sani, sukan tsokane shi har ya ƙara musu. Lukmanu ma ya ga hannun a lanƙwashe. Ya yi niyyar idan an zo biya zai ce a ƙara.

Ɗanbaba ya tsaga yadin, ya ninke, hawaye na bin gemunsa.

"Mayar da kuɗinka aljihu. Wannan nawa ne. Ba ni da abin da zan yi masa kuma."

Lukmanu ya karɓi yadin. Ba a sake awon kyauta a gaban mai ita, balle ta likkafani. Ya yi godiya, ya tafi.

A zauren gida Taufiq tela ya shimfiɗa yadin a kan tabarma, ya raba shi, ya ɗora karan da aka dawo da shi daga maƙabarta. Karan ya zarce.

"Bai kai ba," in ji shi.

"Ja shi mana."

"Alawayyo ne, Lukmanu, ba ya jawuwa. Ƙafafunsa za su fito."

An riga an kira salla. Ƙofar gida ta cika da mutanen da suka bar shinkafarsu a ruwa suka zo. Zuwa Bunkure da dawowa sai la'asar.

Mahaifiyarsu, Iya Kubra, tana bayan katanga, ta ji komai. Ta aika aka kira Lukmanu ɗakinta. Ta buɗe adaka, ta fito da wani farin yadi da ya ɗan yi ja a wuraren ninki. Daga Makka ta zo da shi, ta jiƙa shi da zamzam, ta ajiye don ranar tata tafiyar.

"Iya, wannan naki ne."

"Nawa ya rage?"

"Taufiq ya ce kamu biyu, duka-duka."

Ta gwada da hannunta, daga gwiwa zuwa yatsa, ta sake gwadawa, ta ƙara taƙi ɗaya. Ta sa haƙori ta fara, sannan ta tsaga.

"Wa ya auna maka?"

"Malam Ɗanbaba. Bai karɓi komai ba."

"To, kada maganar ta fita daga gidan nan. Ka gaya wa Taufiq ma. Ya yi ɗinkin ta ciki, kada a ga haɗi."

Lukmanu ya dubi abin da ya saura a kan cinyarta.

"Zai ishe ki kuwa?"

"Ni gajeriya ce," in ji ta. "Kai masa, mutane na jira."