Mai Gadin Takalma

Shekara ashirin da shida ina ba da labarin nan, kuma duk shekara sai na ƙara masa gishiri. Wai ni na hau dutsen nan da ke tsaye ƙiƙam a tsakiyar hamada kamar taɓarya, Yaya kuwa ya tsorata, ya zauna a ƙasa yana gadin takalma. A gabansa nake faɗa. Sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da kurɓar shayinsa. Har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini kanzil ba.

Gaskiyar magana, muna aikin haƙar rijiyar burtsatse muka hango dutsen. Tare muka hau har rabi, inda akwai ɗan fili da bai wuce faɗin tabarma ba. Da na leƙa na ga motarmu ta koma kamar kwalin ashana, wallahi sai na kasa ƙara taku ɗaya. Na zauna daɓas, na riƙe wa Yaya igiya ina hawaye da majina, shi ya ƙarasa. Da ya sauko ya ce akwai gwangwani a can sama da ɗan littafi a ciki, duk wanda ya kai sai ya bar rubutu. Wannan ma na sace na zuba a labarina.

To, 'yata da labarin ta tashi a kunne. Saboda shi ta ƙi aikin ofis, ta kama hawa turakun sadarwa. Rannan ta shigo falo da igiyoyi a kafaɗa ta ce, "Baba, na ɗauki hutu. Za ka kai ni in ga rubutunka."

Na kawo ciwon gwiwa, na kawo lalacewar mota, na ce hanyar ta ɓace mini. Ina! Taurin kan uwarta ta ɗauko kaf. Kwana biyu muna bulayi cikin yashi, ni ke nuna hanya, sau biyu da gangan na karkatar da mu. Ran na uku da hantsi sai ga ɗan banzan dutsen a gabanmu.

Da ƙyar na ja jiki muka kai ɗan filin nan. Na ce, "Ƙarasa kawai, gwiwar ta motsa. Zan riƙe miki igiya." Ta yi sama kamar ƙadangare. Kun san abin da nake roƙo a lokacin? Allah ya sa tsatsa ta cinye gwangwanin. Uba riƙe da ran 'yarsa a hannu, amma hankalinsa na kan gwangwani. Tir!

Ta sauko tana haki, ta zauna kusa da ni, ta miƙo waya. "Baba, ashe Baffa ya hau? Ga rubutunsa. Naka ne ban gani ba."

Hoton shafin ne, da karkataccen rubutun Yaya: "Ni da ƙanena mun hau. Shi ya riƙe igiya, ba don shi ba da ban iso nan ba."

Ta ce, "Ko shi ya rubuta muku ku biyu?"

Kun ga, ko a kabari Yaya ya bar mini ƙofar tsira. In na ce e, shi ke nan. Amma kunya ta riga ta rufe ni, na ji da ma dutsen ya tsage in shige.

Na ce, "Ban hau ba. Nan na tsaya, inda kike zaune. Kuka na yi."

Ba ta yi tsawa ba, da ma ta yi. Ta jawo igiyar ta shiga naɗewa a hankali, ba ta dube ni ba.

"Duk lokacin da kake ba mutane dariya da shi, yana sane da abin da ya rubuta?"

"Yana sane."

Ta ɗaure bakin igiyar, ta share ido da bayan hannu.

"Baba, ni ma ka sa na taya ka. Ranar da muka je duba shi a asibiti ba ka nan, ranar ƙarshe, mai gadin takalma na kira shi. Ya kama hannuna ya ce in gaishe ka."