Abin da ke Shan Batirin Motar Maɗugu

A shekarun da kuɗin mai ya fara zuba a Nijeriya, iyakar Jibiya ba ta hutawa. Sababbin Fijo da aka harhaɗa a Kaduna suna zuwa fes, ko ledar kujerunsu ba a cire ba, su ɗan tsaya gaban shingen kwastan, su wuce Maraɗi ɗauke da sukari da atamfa da rediyo. A cikin wannan hada-hada akwai wata tsohuwar Fijo ruwan toka, wadda ta shigo Nijar tun zamanin Faransawa. Kowa a tasha motar Maɗugu yake ce mata, ko da yake Maɗugu ya rasu tun bara waccan.

Matarsa, Hajiya Rakiya, ita ta riƙe motar. 'Yar Maraɗi ce, gajera, marar jiki, mai tafiya a hankali kamar tana sauraron wani abu daga nesa. Atamfa take saye a kasuwar Jibiya ta kai wa matan garinsu. Ƙanenta Manu ke tuƙa motar, ƙato ne mai dariya da yawa, wanda ba ya barin but ɗin kaya ya rufu sai ya hau kansa ya danne da gwiwa.

Tun farkon damina motar ta ɗauki wani hali. Idan ta yini tana tafiya, lafiya lau. Amma in ta kwana, da safe Manu ya murɗa makulli, sai ta yi ɗan nishi ta yi shiru, sai 'yan dakon tasha sun taru sun tura ta. Suka sayo sabon batir daga Katsina, ya ɗan jima, shi ma ya kwanta. Wani makanike a Maraɗi ya ce daynamo ne, aka kwance shi, aka tarar lafiyarsa ƙalau.

Salmatu, matar da Rakiya ke sauka a gidanta idan ta zo Jibiya, tana da nata bayanin. Wata rana suna tsince shinkafa ta ce, "Hajiya, ni fa gani nake mai ita ne ke zuwa ya ɗauki abarsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa duka a bisa hanya, ina zai iya kwanciya wuri guda?"

Rakiya ta ce, "Haba Salmatu, ki nemi gafarar Allah." Ta yi dariya. Amma maganar ta zauna mata. Daga ranar, duk lokacin da ta ga motar da safe, jiƙe da raɓa, sai ta tsinci kanta tana duba tayoyin, ko akwai sabuwar laka a jikinsu.

Mutumin da kowa ke cewa a kai masa motar shi ne Malam Kalilu, mai gyaran wayar mota, wanda suka yi karen mota tare da Maɗugu suna samari. Ya tafi ƙauyen Riko shuka da noman fari, sai da gero ya kai gwiwa sannan ya dawo rumfarsa, bayan tasha, ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Aka turo masa motar da hantsi. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, gizagizai suna tafiya ƙasa-ƙasa daga gabas.

Ya yi wa Rakiya gaisuwa mai tsawo, ya tambayi mutan Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya shimfiɗa mata tabarma a gindin bishiyar. Ya sa Manu ya sauko da batirin, ya ɗora wani mai cikakken caji daga cikin rumfa.

Manu ya ce, "Malam, batir ne ke da mugun hali. Na yanzu duk haka suke."

Kalilu ya ce, "Batir randa ce, Manu. In ka cika ta da yamma ka tarar da ita wayam da safe, ko dai ta tsage, ko wani yana sha. Wagga kuwa ba ta tsage ba. Bari mu ga mai sha."

Ya kashe komai, ya zare makulli ya sa a aljihu, ya rufe ƙofofi. Ya cire waya ɗaya daga kan batir, ya ɗauko wani ƙaramin ƙwan fitila mai wayoyi biyu, ya haɗa ɗaya a kan batirin, ɗayan a wayar da ya cire. Ya yi wa Rakiya bayani, domin ya ga tana kallo: idan motar barci take da gaske, ƙwan ba zai kama ba. Idan ya kama, to akwai abin da ke farke a cikinta.

Ƙwan ya kama. Wani haske ne ja-ja, mai laushi, kamar garwashin da aka rufe da toka. Kalilu ya kare shi da tafin hannu domin su gani sosai.

Rakiya ta ce, "Ke nan ba ta barci."

"Ba ta barci, Hajiya."

Ya durƙusa ya fara zare fis ɗin motar, wato 'yan sandunan da wutar kowane ɓangare ke bi ta cikinsu. Ya zare na fitilun gaba, ya ce wa Manu, "Ya mutu?" Manu ya ce yana nan. Ya mayar, ya zare na hon. Yana nan. Haka suka yi ta yi, muryar Kalilu daga ƙarƙashin sitiyari, muryar Manu daga gaban mota, tambaya ɗaya, amsa ɗaya, kamar masu daka.

Rakiya ta jingina da bishiya. Iska mai sanyi tana kaɗa ganyen bedi, ɗigon ruwan asuba yana faɗo mata a gyale. Can wajen shinge ana ta kiran Maraɗi, Maraɗi, sautin yana zuwa yana komawa. Idonta ya yi nauyi. Sai ta ga motar tana tafiya a hankali cikin gonakin Farfaru, ba a kan hanya ba, a kan geron kansa, ganye yana shafar cikinta. Maɗugu yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan a waje yana taɓa iska yadda ya saba. Ita tana zaune a baya, ƙunshin atamfa a cinyarta, atamfar tana warwarewa ta taga tana bin su a baya kamar rafi. Ta so ta tambaye shi ina za su, amma ta ga ba lallai ba ne. Bai juyo ba. Ƙeyarsa kawai take gani, da hular da ta ɗan karkace.

"Hajiya. Hajiya, gafara."

Ta buɗe ido. Kalilu ne tsaye, hannunsa baƙi da mai. Ya ce ya zare fis duka, har ya cire wayar daynamo, ƙwan bai mutu ba. Abin da ke sha ba ta hanyar da masu ƙera motar suka shimfiɗa yake sha ba. Ya ce, "Taho ki ga wani abu."

A bayan batir, inda ƙura da mai suka daskare, ya kankare da farce ya fito da wata siririyar waya mai launin ɗorawa, an ƙulle ta a jikin babbar waya. Ya ɗan yi murmushi. "Kin san ɗaurin wa ke nan? Duk ƙasar nan mutum guda ne ke ƙulla waya kamar yana ɗaure akuya."

Suka bi ta. Ta ratsa ta wani rami ta shiga cikin mota, ta bi ƙarƙashin shimfiɗar ƙafa, inda suka tarar da ƙwayar dabino busasshiya da maɓallin riga. Ta wuce gefen ƙofa, ta nutse ƙarƙashin kujerar baya. Manu ya ɗaga kujerar yana haki. Wayar ta ɓace ta wani ɗan tsagi, ta shiga but.

Manu ya buɗe but ɗin, ya yi tsaki. "Au, wannan ce? Ai fitilar but ce, Malam. Kullum ina ganinta. In an buɗe ta kama, in an rufe ta mutu."

Kalilu ya ce, "Ka taɓa ganin ta mutu?"

"To ta yaya zan gani, ina waje?"

Fitilar tana maƙale a can lungu, sama, an yi mata gida da gwangwanin madara. Da hasken rana da ƙyar ake gane tana ci. Rakiya ta tsaya tana kallonta. Ta tuna ranar da aka sa ta. Shekarun baya ne, suna shirin fita da sassafe, ta sa hannu cikin but tana laluben ƙunshinta, kunama ta harbe ta a yatsa. Maɗugu ya yi ta faɗa, ba da ita ba, ba da kunamar ba, da motar. Ya yini a ƙofar gida da filaya da waya, da yamma ya kira ta ya buɗe but ya ce, "To, daga yau sai ki ga abin da za ki taɓa." Ta gaya wa Kalilu haka, a taƙaice.

Kalilu ya duba ya ce ƙwan fitilar birki Maɗugu ya sa, shi ya sa take shan wuta haka. Ya nuna musu wani ɗan maɓalli a bakin but, wanda murfin ke dannewa idan an rufe. Sannan ya shafa murfin, ya dubi Manu. Murfin ya lanƙwashe daidai wurin har ba ya taɓa maɓallin, shatin gwiwa a samansa. Manu ya sosa ƙeya, ya ce kaya ne suka yi yawa a zamanin nan.

Kalilu ya ce, "Abu ne mai sauƙi. Mu cire ƙwan, mu rufe, mu duba fitilata. In ta mutu, mun kama shi."

Rakiya ta ce, "A'a, Malam Kalilu. Ina son in gani da idona."

Bai gane ba sai da ya ga ta tuɓe takalmi. Manu ya ce, "Yaya, mi za ki yi haka? Mutane fa suna wucewa." Ta ce ya tsaya ya kare ta da jikinsa, tunda Allah ya ba shi. Ta tattara zanenta, ta dafa, ta shiga, ta kwanta a gefe ta naɗe ƙafafu. Kalilu ya kau da kai. Ta ce, "Rufe."

Murfin ya sauko. Hayaniyar tasha ta koma nesa, kamar an nutsa ta cikin ruwa. Kuma duhu bai zo ba. Fitilar tana ci, ta cika wurin da haske ruwan zuma, har tana ganin zanen lallen da ke tafin hannunta. Wurin da ɗumi. Akwai warin roba da na fetur, da ƙamshin sabuwar atamfa, can ƙasa kuma da wani tsohon ƙamshi na goro da turaren da ta daina ji a ɗakinta tun da daɗewa. Ta ga tsatsa a jikin murfin ta yi zane kamar gulbi da rassansa. Wani ɗan malam-buɗe-littafi fari, wanda Allah kaɗai ya san ta inda ya shigo, yana zagaya gwangwanin. Ta yi tunanin duk watannin nan, motar tana ajiye a ƙofar gida, kowa ya shige ɗaki, wannan abu yana ci shi kaɗai, yana haska wurin da babu kowa. Ta miƙa yatsa kusa da ƙwan, ta ji zafinsa. Hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shiga kunnenta, ba ta share ba. Ba baƙin ciki take ji ba. Ji take kamar ta shigo ɗaki ta tarar an bar mata abinci a rufe.

Aka ƙwanƙwasa. Muryar Manu ta zo a dusashe: "Yaya, lahiya? Tana ci?"

Ta ce, "Tana ci. Buɗe."

Da ta fito, yayyafi ya fara. Kalilu ya zare ƙwan, suka koma gaban mota, fitilarsa ta mutu murus. Ya ce, "Yanzu ta yi barci." Ya ɗauko almakashin waya ya tambaye ta ko ya datse wayar baki ɗaya, a huta.

Ta ce kada ya datse. Ya yi mata dabara dai. Sai ya cire maɓallin da ya daina aiki, ya sa makunni na hannu a gefen but, ya canza ƙwan da ƙarami, ya ƙara fis a hanyar wayar don kada wata rana ta kama da wuta. Ƙullin da ke bayan batir kuwa ya tsaya ya dube shi, ya goge shi da tsumma, ya bar shi yadda yake.

Washegari motar ta tashi da murɗawa ɗaya. Suka wuce kwastan, suka wuce duwan, wato kwastan na ɓangaren Nijar, inda wani jandarma ya leƙa ya gaishe da Hajiya ya ɗaga musu sanda. Hanya ta miƙe tsakanin gonaki, ruwa kwance a gefenta, balbelu tsaye a ciki. Manu yana ta ba da labarin wata sabuwar Fijo da ya gani a Katsina, mai rediyo a ciki, yana cewa ya kamata su fara tunani. Rakiya ta ce za su yi tunani. Ta sauke gilashi, ta ce ya rage gudu, akwai masu tallan gyaɗa ɗanya a gaba, tana son ta kai wa yara.